Tarihin Thelonious Monk, Makaɗin Piyano

Ran 24 ga Oktoba, 1947, waɗansu mutum uku suka shiga ɗakin ɗaukar murya a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka. Ɗaya mai piyano ne, ɗaya mai ganguna, ɗaya kuwa mai wani ƙaton goge da a ke kira bes, wanda a kan tsayar a ƙasa a riƙa fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Suka yi kiɗa, aka ɗauka a faifai, aka kai kasuwa, faifan ya yi kwantai. Masu kantin faifai suka ce mai piyanon bai iya ba, kuskure ya ke ta yi.

Bayan shekara 24, ran 15 ga Nuwamba, 1971, mai piyanon nan da mai gangunan nan suka sake zama a Landan tare da wani mai bes, suka maimaita waɗansu daga cikin tsofaffin kiɗe-kiɗen. Wanda duk ya jera faya-fayan biyu ya saurara zai ji hannun mai piyano bai sake ba. Amma a wannan karo duniya ta riga ta sallama masa, ana lissafa shi cikin manyan makaɗan zamani. Sunansa Thelonious Monk, labarinsa kuwa ya kamata duk mai shirin zama malamin makaranta ya ji shi.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Thelonious Sphere Monk ran 10 ga Oktoba, 1917, a garin Rocky Mount cikin jihar North Carolina. Baƙar fata ne. Kakanninsa bayi ne a gonakin wannan jiha kafin a hana bauta cikin 1865, sunan nan Monk ma na ubangidansu ne, suka gada. Cikin 1922 uwarsa, Barbara, ta kwashi 'ya'yanta uku ta koma Niyu Yok, suka sauka a wata unguwar talakawa da a ke kira San Juan Hill. Uban ya biyo su, amma rashin lafiya ya sa ya koma kudu, ya bar uwar da renon yara ita kaɗai.

Yayarsa Marion aka fara ɗaukar wa malamin piyano. Shi kuwa yaron sai ya tsaya a bayanta yana kallon yatsunta, in an tashi ya hau kujera ya kwaikwaya. Da aka ga ya fi ta himma, sai aka mai da darasin kansa. Ya yi ta kiɗa a cocin da uwarsa ke zuwa, da kuma gidajen maƙwabta, inda a kan tara mutane a yi kiɗa a karɓi 'yan kuɗi don a biya hayar ɗaki. Ya sami shiga makarantar sakandare ta Stuyvesant, amma bai gama ba. Yana da shekara wajen 17 ya bi wata mata mai wa'azi, suka yi ta yawon garuruwa kusan shekara biyu, ita tana wa'azi shi yana kiɗa.

Cikin 1941 aka ɗauke shi makaɗin piyano a wani gidan kiɗa da a ke kira Minton's, a unguwar Harlem. Nan samarin makaɗa su ke taruwa da tsakar dare bayan sun tashi daga aiki, irin su Dizzy Gillespie mai ƙaho, da Charlie Parker mai saksofon, da Kenny Clarke mai ganguna. A wurin aka ƙera sabon salon kiɗan jaz wanda a ke kira bibop. Monk na cikin waɗanda suka aza harsashinsa. Amma sa'ad da salon ya fita duniya, abokansa suka yi suna suka sami kuɗi, shi aka bar shi a baya. Dattijon makaɗi Coleman Hawkins ne ya ɗauke shi aiki cikin 1944, ya sa shi a faifai karo na fari, ko da ya ke mutane suna ta yi masa surutu don me bai nemi makaɗin kirki ba.

Kiɗan Mutum Uku

To, kafin mu ci gaba, ya kamata mu san yadda kiɗan jaz ya ke. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kiɗan Hausa. Ku tuna da marigayi Alhaji Mamman Shata: 'yan amshi da masu kalangu suna riƙe da gindin waƙa ba su saki, shi kuwa yana ƙago baitoci nan take gwargwadon abin da ya gani a wurin. Haka jaz ya ke. A kan fara da karin da kowa ya sani, sa'an nan kowane makaɗi ya ɗauka ya sarrafa shi yadda ya ga dama ba tare da ya ɓata ma'auni ba, daga ƙarshe a komo kan karin farko a rufe.

In makaɗa suna da yawa, mai rauni ya kan ɓuya a bayan 'yan'uwansa. Amma in mutum uku ne kurum, watau piyano da bes da ganguna, ba wurin ɓuya. Kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Sabo da haka wanda ke son ya san hannun Monk sosai, faya-fayansa na mutum uku zai nema.

Na farkonsu shi ne wanda muka ambata, na Oktoba 1947. Kamfanin Blue Note ne ya ɗauka, na wani Bajamushe ɗan gudun hijira, Alfred Lion. Monk yana da shekara 30 a lokacin, kuma cikin watan nan ne aka fara ɗaukar faifai da sunansa. Mai bes Gene Ramey ne, mai ganguna kuwa Art Blakey, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. A ranar suka ɗauki Ruby, My Dear, da Well, You Needn't, da Off Minor, dukansu Monk ne ya tsara. Faifan garmaho na zamanin ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowane gefe, don haka dole makaɗi ya faɗi maganarsa a taƙaice.

Me mutane suka ji har suka ce kuskure ne? Abu uku. Na fari, malaman piyano su kan koya wa yaro ya lanƙwasa yatsunsa kamar mai riƙe da lemo, shi kuwa Monk miƙe su ya ke yi ya buga da ƙarfi, sai piyano ya yi amo kamar ganga. Na biyu, piyano yana da maɓallai 88, kowanne da muryarsa tsayayya, ba ta lanƙwasuwa. Mai kalangu in yana son murya ta hau ko ta sauka sai ya matse tsirkiya a hammata ko ya sassauta, mai piyano ba shi da wannan dama. Monk sai ya buga maɓalli biyu maƙwabta a tare, waɗanda ƙa'ida ta ce ba sa shiri, kana ya saki ɗaya ya bar ɗaya, kunne ya ji kamar murya ta lanƙwasa. Wanda bai sani ba sai ya zaci yatsa ne ya zame. Na uku, makaɗan bibop tsere su ke yi, kowa na son ya cika wuri da sauri. Monk kuwa ya kan ɗaga hannu ya yi shiru a tsakiyar kiɗa, har mai sauraro ya ɗauka ya ɓace, sa'an nan ya sauko da bugu ɗaya daidai inda ba a zata ba. Blakey ya gane wannan tun da fari. In Monk ya yi shiru, shi sai ya amsa da ganga, su yi ta kira da amsa.

Shekara Shida Ba Lasin

Monk yana da wani ƙane a sana'a, Bud Powell, wanda ya girme wa da shekara bakwai, shi ne ma ya fara kai shi Minton's. Powell gwani ne na gaske, amma tun da 'yan sanda suka buge shi a ka cikin 1945 lafiyarsa ba ta koma daidai ba. Cikin Agusta 1951 suna zaune a mota 'yan sanda suka zo suka sami ƙunshin muguwar ƙwaya. Ta Powell ce. Monk ya san in aka kai abokinsa kurkuku da wuya ya fito da hankalinsa, sai ya ƙi ba da shaida a kansa. Aka ɗaure shi kwana 60.

Ɗaurin ba shi ne babbar hasara ba. A zamanin akwai doka a Niyu Yok, ba mai yin kiɗa a gidan da a ke sayar da giya sai da katin izini daga 'yan sanda, alhali kuwa kusan duk wuraren kiɗan jaz irin waɗannan gidaje ne. Aka karɓe katin Monk, bai sake samunsa ba sai 1957. Ba a soke dokar ba sai 1967. Shekara shida ke nan yana zaune cikin babban birnin sana'arsa, ba shi da ikon yin sana'ar, sai ɗan abin da ba a rasa ba a gefen gari ko a waɗansu garuruwa. Matarsa Nellie ce ta riƙe gida da ɗinki da ƙananan ayyuka, ga 'ya'ya biyu, ɗa da aka haifa cikin 1949 da 'ya cikin 1953. Gidan ƙarami ne ƙwarai, piyano na jingine da wurin girki. Nan ya ke wuni yana maimaita kari ɗaya sa'o'i da yawa har ya zauna yadda ya ke so.

Dokar ba ta hana ɗaukar faifai ba, don haka cikin shekarun nan ne ya yi kiɗan mutum uku wanda masana da yawa su ke gani ya fi duka. Kamfanin Prestige ya ɗauka. Ran 15 ga Oktoba, 1952, shi da Blakey da wani mai bes Gary Mapp suka yi Monk's Dream da Little Rootie Tootie. Wannan na biyun don ɗansa ya tsara shi, a ciki yana dukan maɓallan sama a tare suna ƙara kamar usur ɗin jirgin ƙasa. Cikin Disamba na shekarar suka koma da Max Roach a kan ganguna, suka tarar da piyanon ɗakin ba a gyara muryarsa ba, Monk ya zauna ya kaɗa shi hakanan, aka sami Trinkle, Tinkle da Reflections. Ran 22 ga Satumba, 1954, da Percy Heath da Blakey, suka yi Blue Monk, wanda har yau duk mai koyon jaz sai ya bi ta kansa. Faya-fayan nan ma ba su sami kasuwa ba.

Cikin 1955 wani ƙaramin kamfani, Riverside, ya nemi ya ɗauke shi. Abin da suka biya Prestige don ta sake shi dala 108 ne da santi 27, bashin da a ke bin sa. Kuɗin Monk ke nan a idon 'yan kasuwa a shekarar. Mai kula da aikin, Orrin Keepnews, ya yi wata dabara irin ta malamai. Ya ce a ajiye kiɗe-kiɗen Monk tukuna, ya kaɗa waɗanda kowa ya sani. Aka yi faifai guda na kiɗe-kiɗen Duke Ellington, da Oscar Pettiford a kan bes da Kenny Clarke a kan ganguna, cikin 1956 kuma aka ƙara wani da Blakey. Da ya ke mutane sun san karin, sai suka iya ganin inda ya bi hanya da inda ya ratse, suka kuma lura ba ya ratsewa sai ya komo daidai kan ma'auni. Ashe ratsen da gangan ne. Daga sananne aka ja su zuwa ga baƙo. Da faifan Brilliant Corners ya fito cikin 1957, kunnuwa sun riga sun buɗe.

Yadda Ya Ke Koyarwa

Monk bai taɓa riƙe alli ba, amma ɗakinsa makaranta ne. Sonny Rollins, wanda ya zama babban mai saksofon, tun yana ɗan sakandare ya ke zuwa can bayan an tashi. Cikin 1957 John Coltrane ya rasa aikinsa a ƙungiyar Miles Davis sabo da shaye-shaye, ya daina, ya riƙa sammako zuwa gidan Monk. Monk ba mai yawan magana ba ne. Sai ya zauna ya kaɗa kari, ya sake kaɗawa, ya sake, har ɗalibi ya kama da kunne. Takardar da ya rubuta kiɗan a kai ba ya fito da ita sai abin ya gagara. In ya ga ɗalibi ya kama hanya, ya kan tashi ya bar shi shi kaɗai ya yi ta fama.

Da aka mayar masa da katinsa, shi da Coltrane suka yi wata shida suna kiɗa a wani ƙaramin gida mai suna Five Spot, daga Yuli 1957, mutane na yin layi a waje. Nan ma haka ya ke yi. In kiɗa ya yi daɗi sai ya tashi daga piyano ya riƙa juyi yana taka rawa, da hularsa, ya bar Coltrane da mai bes da mai ganguna su riƙe tukunya su uku. Coltrane ya fita daga hannunsa ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan ƙarnin. Wani kiɗa da suka yi tare a zauren Carnegie ran 29 ga Nuwamba, 1957, an ɗauke shi aka ajiye aka manta, sai cikin 2005 aka gano shi a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka, aka buga.

Akwai kuma wani ɗalibinsa da ya tako ƙasarmu, Randy Weston, dogon mai piyano daga Brooklyn. Shi ma da ya fara jin Monk ya ɗauka ya fi shi iyawa, sai daga baya ya gane, ya bi shi har gida. Weston ya zo Legas cikin Disamba 1961 tare da mawaƙiya Nina Simone da marubuci Langston Hughes, ya sake zuwa bikin FESTAC na 1977. Ya kuma zauna shekaru a Maroko yana kiɗa da Gnawa, jikokin mutanen da aka kai can daga ƙasashen Sudan ta Yamma, har da ƙasar Hausa. Ra'ayinsa har ya rasu cikin 2018 shi ne, abin da ya ji a hannun Monk gadon Afirka ne da ya tsallake teku.

Ɗaukaka da Ƙarshe

Ran 28 ga Fabrairu, 1959, Monk ya yi kiɗa a zauren Town Hall na Niyu Yok da ƙungiyar mutum goma. Wani masanin kiɗa, Hall Overton, wanda daga baya ya koyar a makarantar Juilliard, shi ya taya shi shiri. Suka ɗauko faifan Little Rootie Tootie na 1952, Overton ya rubuta duk abin da yatsun Monk suka ƙago a ranar, bugu bayan bugu, aka rarraba wa masu ƙaho suka busa tare. Abin da aka kira kuskure shekara bakwai da suka wuce, ga shi an rubuta shi a takarda ya tsaya da ƙafarsa kamar gini.

Cikin 1962 babban kamfanin Columbia ya ɗauke shi. Ya zaga Turai da Jafan tare da Charlie Rouse, mai saksofon da ya zauna da shi fiye da shekara goma. Ran 28 ga Fabrairu, 1964, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta, abin da makaɗan jaz kaɗan suka samu, irin su Louis Armstrong da Duke Ellington. Cikin Oktoba 1968 wani ɗan makaranta mai shekara 16 ya gayyace shi ya yi kiɗa a makarantarsu ta sakandare a Palo Alto, ya kuwa je. Mai sharar makarantar ne ya ɗauki kiɗan, aka buga shi cikin 2020.

Amma fa kada a zaci rayuwar ta yi sauƙi. Monk ba waliyyi ba ne, ya taɓa shaye-shaye irin na mutanen sana'arsa. Yana kuma da ciwon taɓin hankali mai zuwa yana tafiya, ya kan yi kwanaki ba barci, sa'an nan ya yi kwanaki ba magana, an kwantar da shi asibiti ba sau ɗaya ba. Cikin 1958 'yan sanda suka yi masa duka a jihar Delaware, aka sake karɓe katinsa na wani lokaci. Gobara ta ci gidansa sau biyu. Mata biyu ne suka tallafe shi, Nellie, da wata attajira 'yar gidan Rothschild, Pannonica de Koenigswarter, wadda ya haɗu da ita a Faris cikin 1954, ta zama uwar ɗakin makaɗa da yawa.

Zaman nan na Landan cikin 1971, da Blakey da Al McKibbon, shi ne na ƙarshe da ya yi a ɗakin ɗaukar murya da sunansa. Da mutum uku ya rufe, mai ganguna kuma shi ne na zaman Oktoba 1947. Ya yi kiɗan ƙarshe a gaban jama'a cikin 1976, ya koma gidan Pannonica a Weehawken, ya yi shekara kusan shida piyano na kusa da shi ba ya taɓawa. Ya rasu ran 17 ga Fabrairu, 1982, da ciwon shanyewar jiki, yana da shekara 64. Ya bar kiɗe-kiɗe wajen 70. Ɗaya daga ciki, 'Round Midnight, yana cikin waɗanda aka fi maimaitawa a duk tarihin jaz. Cikin 2006 aka ba shi lambar girma ta Pulitzer, shekara 24 bayan ya kwanta dama.

Abin da Ya Shafe Mu

'Yan'uwa ɗalibai, nan gaba kaɗan za a miƙa wa kowannenmu aji da jan biro, wani a nan Tungan Maje, wani a Zuba, wani a wani ƙauye mai nisa. Cikin ajin za a sami yaron da zai kawo amsa ta hanyar da ba ita aka koya masa ba. Sau da yawa kuskure ne kurum, gyara ya ke bukata, kada mu yaudari kanmu mu ce kowane mai ratse Monk ne. Monk ya san ƙa'ida sarai kafin ya ratse mata, ya kuma sha wuya a kan kujera fiye da waɗanda su ke yi masa dariya. Amma akwai hanyar rarrabewa, ita ce wadda Keepnews da Overton suka bi: a ba yaro abin da aka sani a ga yadda zai yi da shi, a sa shi ya maimaita, a bi sawunsa taki bayan taki. Mai kuskure ba ya faɗuwa wuri ɗaya sau biyu da ma'auni ɗaya. Mai niyya kuwa zai komo daidai inda ya nufa kowane karo.

Masu kantin faifai na zamanin ba su yi wannan haƙuri ba, sai da mutumin ya kai shekara 40 kafin a saurare shi, ya kuwa sami mata da abokai da suka riƙe shi har lokacin ya zo. Yaron da ke ajinmu mai yiwuwa ba shi da kowa sai mu. Faya-fayan nan duk ana samunsu a intanet yanzu. Wanda ya sami sarari ya nemi Blue Monk na 1954, ya saurara sau uku, ya lura da wuraren da mai piyano ya yi shiru da abin da mai ganguna ya amsa masa. Allah ya ba mu kunnen saurare kafin mu ɗaga jan biro, amin.